Jami'ai 29, Fam Miliyan 13: Wa Ke Bin Ba'asin Neman Madeleine McCann?

A tsakiyar watan Mayun 2011, jaridar The Sun, wadda ta fi kowace jaridar kullum kasuwa a Birtaniya a lokacin, ta buga wata buɗaɗɗiyar wasiƙa a shafinta na farko. Masu wasiƙar likitoci ne, mata da miji, Kate da Gerry McCann, daga ƙauyen Rothley da ke Leicestershire, kuma Firayim Minista David Cameron suka rubuta wa. 'Yarsu Madeleine ta shekara huɗu da ɓata a ƙasar Fotugal, babu rundunar 'yan sanda ko ɗaya da ke nemanta, suna roƙon a sake buɗe fayil ɗin. Kafin kwana ya zagayo amsa ta fito. Sakatariyar Harkokin Cikin Gida, Theresa May, ta nemi 'yan sandan birnin Landan, wato Scotland Yard, su karɓi aikin, gwamnati kuma za ta biya daga wani asusu na musamman. Aka raɗa wa binciken suna Operation Grange.

Ba kowa ne ya tafa ba. Lord Toby Harris, wanda ke cikin hukumar da ke sa ido a kan 'yan sandan Landan a wancan lokaci, ya ce an taka ƙa'idar da Birtaniya ke tinƙaho da ita, cewa ɗan siyasa ba ya zaɓar wa ɗan sanda laifin da zai bincika. Bayan shekara guda, a gaban kwamitin Mai Shari'a Leveson da ke binciken ɗabi'un 'yan jarida, aka tambayi Rebekah Brooks, wadda ke shugabantar kamfanin da ya mallaki The Sun lokacin da aka buga wasiƙar, ko gaskiya ne ta yi barazanar sa Theresa May a shafin farko kullum har sai an buɗe bincike. Ta musanta barazana, ta ce lallashi aka yi. Tun daga nan aka bar wata tambaya a buɗe: tunda wasiƙa a jarida ce ta buɗe asusun, da wane ma'auni za a rufe shi, kuma wa zai tsaya gaban jama'a ya faɗi abin da kuɗin ya saya?

Madeleine tana da shekara uku, saura kwana tara ta cika huɗu, a daren Alhamis 3 ga Mayun 2007. Iyayenta sun kwantar da ita tare da ƙannenta tagwaye a masauki mai lamba 5A na wurin shaƙatawar Ocean Club, a garin Praia da Luz da ke yankin Algarve a kudancin Fotugal. Suka tafi cin abincin dare da abokansu bakwai a wani gidan abinci da ke cikin harabar, tazarar mita 50 da 'yan kai, suna leƙo yaran lokaci-lokaci. Da uwar ta je leƙawa da misalin ƙarfe 10, ta tarar gadon Madeleine babu kowa.

Jami'an da suka fara isowa mutum biyu ne daga rundunar jandarma ta GNR, kuma sai bayan ƙarfe 11 suka zo. Masu binciken manyan laifuka, Polícia Judiciária, da ake kira PJ a taƙaice, sun taso daga Portimão ne bayan tsakar dare. Kafin a killace masaukin, kimanin mutum 20 sun shiga sun fita, ana buɗe ƙofofi ana leƙa ƙarƙashin gado, abin da kowane mai tausayi zai yi idan yaro ya ɓata, kuma abin da ɗan sanda ya kamata ya hana. An ga jami'in da ke ɗaukar zanen yatsu a murfin tagar ɗakin babu safar hannu. Ba a kafa shingen bincike a kan hanyoyi ba sai ƙarfe 10 na safe, alhali daga Praia da Luz zuwa iyakar Sifaniya tafiyar ƙasa da awa biyu ce a mota, kuma iyaka ce da ba a tsayar da kowa. Sanarwar Interpol ta ɗauki kwana biyar kafin ta fita. Shi kuwa masaukin, bayan 'yan makonni aka ci gaba da ba da shi haya ga wasu baƙi, sannan a watan Agusta aka dawo aka sake rufe shi don neman ƙwayoyin halitta.

Abubuwan da aka rasa a daren nan ba su da tsada. Igiyar killace wuri, littafin rubuta sunan duk wanda ya taka ƙofar, da jami'ai goma da za su bi gida-gida kafin masu hutu su hau jirgi su watse zuwa ƙasashensu. Wani kaso na miliyoyin da aka kashe daga baya ya tafi ne wajen farauto shaidun da a ranar 4 ga Mayu suna zaune a bakin tafkin wanka, ana iya yi musu tambaya kyauta.

Ita ma Birtaniya ba ta fita fes ba. 'Yan sandan Leicestershire ne ke riƙe da ragamar ɓangarenta, tunda can ne gidan iyayen, kuma sun kashe fiye da rabin miliyan na fam a shekarar farko. Amma hukumomi da dama sun yi tururuwa zuwa Algarve, kowace da tata shawarar, har masu masaukin baƙi suka fara jin ana yi musu kallon waɗanda ba su san aikinsu ba. Wannan na cikin abin da Jim Gamble, shugaban hukumar kare yara ta CEOP, ya gano a rahoton da Sakataren Cikin Gida Alan Johnson ya sa shi ya rubuta, wanda ya miƙa a 2010. Ba a wallafa wa jama'a rahoton ba.

Wanda ya jagoranci binciken a Portimão, Gonçalo Amaral, shi kansa yana da shari'a a wuyansa. A watan Satumban 2004 wata yarinya 'yar shekara takwas, Joana Cipriano, ta ɓace a ƙauyen Figueira, kimanin kilomita 11 daga Praia da Luz. Ba a ga gawarta ba, amma aka ɗaure uwarta da kawunta bisa kisanta. Uwar ta amsa laifi a hannun 'yan sanda, daga baya ta janye ta ce dukanta aka yi, hotunan fuskarta a kumbure suka fita a jaridu. Kwana ɗaya bayan ɓatan Madeleine aka sa Amaral cikin waɗanda ake tuhuma a kan wannan batu, kuma a 2009 kotu ta same shi da laifin ba da bayanin ƙarya, ta yanke masa ɗaurin je-ka-gyara-halinka na wata 18. Hukuncin bai shafi Madeleine ba. Sai dai shugabannin PJ sun san da tuhumar, suka bar masa bincike mafi ɗaukar hankali a ƙasar har wata biyar.

A cikin waɗannan watanni ne akalar binciken ta juya kan iyayen. An kawo karnuka biyu daga Ingila, ɗaya mai shinshino jini, ɗaya mai shinshino warin gawa, suka nuna alama a masaukin da kuma a motar da iyayen suka yi haya fiye da mako uku bayan ɓatan yarinyar. Aka tura samfura ɗakin gwaji a Birmingham. Masanin da ya duba su ya rubuta cewa sakamakon ya cakuɗe har ba za a iya fassara shi da wata ma'ana ba. Duk da haka, ranar 7 ga Satumban 2007 aka ayyana Kate da Gerry a matsayin waɗanda ake zargi. Dokar sirrin shari'a ta Fotugal ta hana 'yan sanda magana a fili, saboda haka labarai suka riƙa zurarewa ta bayan fage zuwa jaridu, babu sunan wanda ya faɗa, babu wanda za a kama da ƙarya. Jaridun Landan suka ɗauka suka ƙara gishiri. Daga baya kamfanin jaridun Express ya biya iyayen diyyar fam 550,000 tare da neman gafara a shafin farko, wani Bature ɗan Birtaniya mazaunin garin, wanda aka fara shafa wa kashin kaji, ya karɓi fam 600,000 daga jaridu daban-daban.

An cire Amaral ranar 2 ga Oktoban 2007, bayan ya gaya wa jaridar Diário de Notícias cewa 'yan sandan Birtaniya ba sa bin kowace hanya sai wadda iyayen suke so. Maganar da ya yi wa jarida ce ta ci kujerarsa, ɗakin da aka bari a buɗe bai ci kujerar kowa ba. Ranar 21 ga Yulin 2008 Babban Lauyan Fotugal, Fernando Pinto Monteiro, ya rufe fayil ɗin saboda rashin hujja a kan kowa, aka ɗage zargin da ke kan iyayen da kan wancan Bature. Bayan 'yan kwanaki littafin Amaral ya fito yana nanata zarginsa, shari'ar da ta biyo baya kuma ta ja har Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai, wadda ta yi watsi da ƙarar iyayen a 2022.

Daga 2008 zuwa 2011 neman Madeleine ya koma hannun 'yan kwangila. Asusun da aka buɗe da sunanta ya tara fiye da fam miliyan 1.8 a watanninsa goma na farko, kuma daga nan aka riƙa biyan masu bincike masu zaman kansu. Tun kafin a rufe fayil ɗin ma, wani kamfanin Sifaniya, Método 3, ya yi ta shelar cewa ana dab da gano ta kafin Kirsimetin 2007. Wani mai suna Kevin Halligen, na kamfanin Oakley International, ya karɓi dubban ɗaruruwan fam, daga baya aka ɗaure shi a Amurka bisa damfarar wani kamfani daban. Babu mai sa ido a kan irin waɗannan masu bincike, kuma iyayen da hankalinsu ya tashi ba su da hanyar bambance ƙwararre da ɗan damfara. Zanen fuskar wani mutum da wasu iyali 'yan Ireland suka gani ɗauke da yarinya yana nufar bakin teku da misalin ƙarfe 10 na daren, wanda aka zana tun 2008, bai isa idon jama'a ba sai Oktoban 2013.

Wannan giɓi ne Operation Grange ta zo cikewa, kuma a shekarunta na farko ta yi aikin da za a iya nunawa. An ɗebo jami'anta daga sashen binciken kisan kai, a ƙarƙashin Babban Sufeto Andy Redwood. Suka tattara takardu sama da 40,000 daga PJ da 'yan sandan Birtaniya da kamfanonin bincike, da yawansu sai an fassara su daga harshen Fotugal, suka zuba su a rumbun kwamfuta ɗaya a karon farko. A watan Afrilun 2012 suka ce sun gano hanyoyi 195 da ba a bi ba. A Yulin 2013 aikin ya tashi daga bita ya zama cikakken bincike, da ma'aikata 37 da mutum 38 da ake son sanin inda suke a daren. Bayan wata uku Fotugal ta sake buɗe nata fayil.

Abu ɗaya da suka warware ya isa ya nuna yadda shekaru shida suka tafi. Ɗaya daga cikin abokan iyayen ta ce da misalin ƙarfe 9 da kwata ta ga wani mutum yana tsallaka titi kusa da masaukin, ɗauke da yarinya sanye da kayan barci, ƙafafunta babu takalmi. Zanen wannan mutum ya zaga duniya, an gina jadawalin daren gaba ɗaya a kansa. Jami'an Redwood suka bi sawun iyayen da suka ajiye 'ya'yansu a ɗakin renon dare na Ocean Club, suka iske wani ɗan Birtaniya da ya je ɗauko 'yarsa a daidai wannan lokaci. Suka sa shi ya sa irin kayan da ya sa a daren suka ɗauke shi hoto, aka kawo kayan barcin 'yar, komai ya yi daidai da abin da matar ta kwatanta. Ɗakin renon yana cikin harabar da aka ɗauke yarinyar. Da aka bayyana wannan a shirin Crimewatch na BBC ranar 14 ga Oktoban 2013, lokacin da ake zaton an ɗauke ta ya matsa gaba da kusan minti 45, hankali ya koma kan mutumin da 'yan Ireland suka gani.

Sun kuma tono abin da ya kamata a sani tun ranar farko. Fasa gidaje ya ninka huɗu a Praia da Luz a watannin farko na 2007, har da biyu a ginin da iyalin suka sauka. Akwai kuma jerin kutse 12 a gidajen masu hutu 'yan Birtaniya a Algarve tsakanin 2004 da 2010, wasu daga ciki an ci zarafin ƙananan 'yan mata a kan gadajensu.

Amma ɗan sandan Landan ba shi da hurumin ƙwanƙwasa ƙofar kowa a Algarve. Duk abin da yake so, haƙa ne ko tambaya ko bayanan waya, sai an rubuta takardar neman taimako ta hannun masu gabatar da ƙara, a fassara ta, a aika, a jira mahukuntan Fotugal su amince, abin da kan ɗauki watanni. Operation Grange ta aika irin waɗannan takardu fiye da 30 zuwa ƙasashe daban-daban. A watan Yunin 2014 an shafe sama da mako ana haƙa a wasu filayen garin da na'urar hango ƙarƙashin ƙasa da karnuka, ba a samu komai ba. A Yuli aka gayyaci mutum huɗu ofishin 'yan sanda na Faro, jami'an PJ suna tambaya, na Landan suna zaune suna saurare. Daga baya aka wanke su duka.

Duk wannan yana faruwa ne a shekarun tsuke bakin aljihu. Tsakanin 2010 da 2018 yawan 'yan sandan Ingila da Wales ya ragu da kusan 20,000, ana rufe ofisoshi a unguwannin Landan ana sayar da gine-ginen. A watan Maris na 2015 John Tully, shugaban ƙungiyar 'yan sandan birnin, ya ce lokaci ya yi da za a dawo da jami'an nan su yi wa Landan aiki, tunda sauran sassan binciken kisa suna nishi. A Satumba aka amsa wa majalisar dattawa cewa zuwa ƙarshen Yuni an kashe fam miliyan 10.1. Ranar 28 ga Oktoba Mataimakin Kwamishina Mark Rowley ya sanar da rage jami'an daga 29 zuwa huɗu, ya jero abin da aka yi: bayanan shaidu 1,338, kayan shaida 1,027, mutum 60 da aka bincika, masu laifin lalata 650 da aka tantance, rahotannin ganin yarinyar 8,685 daga sassan duniya.

Alƙaluman suna da nauyi, amma lissafin gumi ne. Ba su faɗi wace hanya ce ta ci kuɗi ba ta haifar da komai ba, ko me ya sa jami'i 29 suka dace a Satumba, huɗu suka wadatar a Nuwamba. Daga nan kuɗin ya koma ɗigo-ɗigo: fam 95,000 a 2016, 85,000 da 154,000 a 2017, 150,000 sau biyu a 2018, 300,000 a 2019. Kowane wata shida ko shekara rundunar ta nema, Ma'aikatar Cikin Gida ta amince, jaridu su buga. Zuwa Maris na 2024 jimillar ta kai fam miliyan 13.2, kuma wani minista ya shaida wa majalisa cewa waɗanda suka rage 'yan sanda uku ne da ma'aikaci ɗaya, dukansu ba cikakken lokaci suke yi ba. Abin da mai biyan haraji ke samu ke nan, 'yan layuka a amsar majalisa. In ya nemi ƙari, amsar da aka saba ba shi ita ce bincike yana gudana, ba za a yi magana ba.

Masu cewa an yi almubazzaranci sukan manta cewa kasafin 'yan sandan Landan ya haura fam biliyan uku a shekara, wato duk abin da Operation Grange ta ci a shekara 13 bai kai kuɗin kwana biyu na rundunar ba. Abin da ya fi kuɗin ƙaranci shi ne gogaggen mai binciken kisa, wanda sai an shekara da shekaru ana horar da shi, kuma wajen 30 daga cikinsu aka keɓe wa fayil guda shekara huɗu. Asusun da aka biya daga ciki ma an tanade shi ne don abin da ya faɗo wa runduna ba zato, kuma a ƙa'ida sai kuɗin ya haura kashi ɗaya cikin ɗari na kasafinta, sai dai in minista ya ga dama ya ɗage sharaɗin. Ganin damar minista shi ne ƙofar, kuma ba kowace uwa ce ta san hanyar ofishinsa ba.

Kerry Needham, 'yar birnin Sheffield, ta fi kowa sanin haka. Ɗanta Ben yana da wata 21 lokacin da ya ɓace a tsibirin Kos na Girka ranar 24 ga Yulin 1991, yana wasa a wajen wani tsohon gidan gona da kakansa ke gyarawa. Iyalin masu ƙaramin ƙarfi ne, sun shekara fiye da 20 suna nema da abin da ke aljihunsu da abin da jama'a suka taimaka. Sai a Janairun 2015 ma'aikatar ta ba 'yan sandan South Yorkshire fam 700,000, ta ƙara 450,000 a 2016. Da wannan kuɗi aka yi haƙan mako uku a Kos, aka samu wata motar wasa da a lokacin aka kyautata zaton tasa ce, jami'in da ke jagoranta, Jon Cousins, ya ce a iya saninsa na aiki yaron ya rasu ne a hatsarin motar haƙa ƙasa a ranar da ya ɓata. Ba a ga gawar ba. Amma ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na kuɗin Operation Grange ya samar da bayanin da shekara 24 na roƙo ba su samar ba, kuma da ya zo da wuri, da direban motar yana raye an tambaye shi.

A cikin gida lamarin ya fi muni. Ƙungiyar Missing People ta ce ana kai rahoton ɓatan yara fiye da 70,000 a Birtaniya kowace shekara. Yawancinsu sukan dawo cikin kwana ɗaya ko biyu, amma yaran da ke hannun hukuma su ne suka fi ɓata: ɗaya cikin goma, a inda sauran yara ɗaya ne cikin 200. A watan Nuwamban 2016 hukumar da ke duba aikin 'yan sanda ta binciki yadda wannan runduna ta Landan ke kula da batutuwan kare yara, ta ce kusan uku cikin kowane fayil huɗu da ta buɗe ba a yi musu aikin da ya kamata ba. Da ta dawo a 2023 ta tarar har yanzu ana raina hatsarin da yaran da suka ɓata ke ciki, ana rubuta kalaman da ke ɗora musu laifi, kamar su ne suka zaɓi hannun da suka faɗa. A Janairun 2023 kuma ministan shige da fice, Robert Jenrick, ya shaida wa majalisa cewa yara 200 masu neman mafaka, waɗanda ma'aikatarsa ta ajiye a otal-otal ba tare da iyaye ba, sun ɓace ba a gan su ba, yawancinsu 'yan Albaniya. Ma'aikatar da ke sa hannu a kuɗin neman Madeleine ce ta ajiye su.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan yara da zai amfana in an daina neman Madeleine. Abin da suke bukata shi ne rubutacciyar ƙa'ida da za ta faɗi lokacin da fayil ya cancanci runduna ta musamman, wa ke yanke hukuncin, da kuma wata hukuma mai zaman kanta da za ta duba aikin ta wallafa abin da ta gani, ko da an sakaya sunaye. Uwar da ba ta da jarida a bayanta za ta iya riƙe irin wannan takarda ta ce ga haƙƙina.

Babban motsin da aka samu a ƙarshe daga Jamus ya zo. Ranar 3 ga Yunin 2020 masu gabatar da ƙara na birnin Braunschweig suka sanar cewa suna binciken wani Bajamushe ɗan shekara 43, wanda jaridun ƙasar ke kira Christian B., bisa zargin kisa, kakakinsu Hans Christian Wolters ya ce suna ɗaukar cewa yarinyar ta rasu. Mutumin ya zauna a Algarve jefi-jefi tsakanin 1995 da 2007, yana da tarihin lalata da yara, kuma a Disamban 2019 aka yanke masa shekara bakwai bisa fyaɗen da ya yi wa wata Ba'amurkiya 'yar shekara 72 a 2005, a cikin Praia da Luz ɗin, laifin da 'yan sandan Fotugal suka rufe fayil ɗinsa ba su kama kowa ba. An ce wayarsa ta amsa kira na kusan rabin awa a yankin a daren da Madeleine ta ɓata, washegari kuma aka sauya sunan mai motarsa ƙirar Jaguar. Sunansa ya iso Scotland Yard a 2017, lokacin da jami'ai huɗu suka rage, kuma wannan ita ce hujja mafi ƙarfi ga masu cewa bai kamata a rufe ofishin ba. Sai dai mujallar Der Spiegel ta ruwaito cewa tun 2013 wani ya ba 'yan sandan Jamus sunansa, su kuwa suka aika masa takardar gayyata a matsayin shaida, a jikinta an rubuta cewa batun Madeleine McCann ne.

A 2022 Fotugal ta ayyana shi a matsayin wanda ake zargi, kwanaki kaɗan kafin cikar shekara 15 da dokarta ta gindaya. An bincike gefen madatsar ruwan Arade a Mayun 2023, aka sake haƙa a filayen da ke kusa da Praia da Luz a Yunin 2025. A shekarar 2023 ɗin ce BBC ta ruwaito cewa wata tawagar manyan jami'an PJ ta je Landan ta ba mahaifin yarinyar haƙuri a kan yadda aka tafiyar da binciken farko da yadda aka yi wa iyalin, shekara 16 bayan faruwar abin, kuma a ɗaki a rufe.

A Oktoban 2024 kotun Braunschweig ta wanke Christian B. daga wasu tuhume-tuhumen lalata biyar da ba su shafi Madeleine ba, saboda ba ta gamsu da shaidun ba. Ranar 17 ga Satumban 2025 ya kammala wa'adinsa ya fita daga kurkukun Sehnde da na'urar bibiya a ƙafarsa. Ya daɗe yana musanta hannu a ɓatan yarinyar, ba a kuma gurfanar da shi a kanta ba. Scotland Yard, wadda Mark Rowley ya zama shugabanta a 2022, ta nemi yi masa tambayoyi kafin a sake shi, ya ƙi, kuma tun da Birtaniya ta fice daga Tarayyar Turai Jamus ba ta miƙa mata 'yan ƙasarta. Ma'aikatar Cikin Gida ta amince da fam 108,000 don shekarar kuɗi ta 2025 zuwa 2026.